Daga gonakin Dakoro zuwa duniyar Mars: Gaskiya da ƙari a labarin ɗan sama-jannatin da ya yi noma don ya rayu

A ƙarshen watan Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura a Dakoro, akwai lissafin da kusan kowane magidanci a ƙauyukan yankin yake yi. Yakan buɗe rumbu ya ƙirga dammunan hatsin da suka rage, ya ƙirga bakunan da ke ci a gidan, sannan ya ƙiyasta kwanakin da za a yi kafin sabon hatsi ya nuna. Kafin komai sai ya ware iri gefe guda, domin wanda ya cinye irinsa ya cinye kakarsa tun ba ta zo ba.

Irin wannan lissafi shi ne ƙashin bayan The Martian, littafin marubucin Amurka Andy Weir, wanda darakta Ridley Scott ya mayar fim a 2015. Labarin wani ɗan sama-jannati ne mai suna Mark Watney, da abokan tafiyarsa biyar suka bari a duniyar Mars bisa zaton ya mutu. Da ya farfaɗo sai ya tarar abincin da ke hannunsa ba zai kai shi shekara huɗun da za a yi kafin wani kumbo ya sake zuwa ba. Dole ya yi noma a wurin da babu ruwan sama, babu taki, babu ko iskar shaƙa.

Tun fitowar fim ɗin ake muhawara biyu a kansa. Ta farko, shin kimiyyar da ke ciki gaskiya ce? Ta biyu, shin 'yan wasan da aka zaɓa sun dace da mutanen da ke cikin littafin? Duka tambayoyin biyu sun shafi mai kallo Bahaushe fiye da yadda ake tsammani, musamman wanda ya tashi a wuri irin Dakoro.

Inda noma ke ƙarewa

Dakoro na kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, a daidai inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun 1961 wata dokar Nijar ta shata iyakar da bai kamata noma ya wuce ba ta arewa, kuma a wannan yanki Kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin alamar iyakar. Ruwan da ake samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 400, cikin wata uku kacal. Rijiyoyi na da zurfin da a wurare da dama sai an ɗaura wa shanu ko raƙumi igiya kafin guga ya fito.

A 2005, bayan fari da farin ɗango sun cinye amfanin daminar 2004, Dakoro na cikin garuruwan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Da yawa daga cikin matasan yankin da ke ci-rani yau a Agadez, Kano, Libiya da Aljeriya sun ga wannan shekara da idonsu suna ƙanana. Idan irinsu suka ga Watney yana yanka dankali biyu yana rage wa kansa rabon abinci, sun san abin da ake nufi ba tare da an fassara musu ba.

Littafin da masu karatu suka gyara

Weir masanin manhajar kwamfuta ne, ɗan wani masanin kimiyyar fiziks. Ya fara sakin labarin babi-babi kyauta a shafinsa na intanet. Cikin masu bibiyarsa akwai injiniyoyi da malaman kimiyya, waɗanda ke rubuto masa duk inda suka ga lissafi ya karkace, shi kuma ya koma ya gyara. Daga baya ya sa littafin a Amazon kan santi 99, kafin kamfanin ɗab'i na Crown ya buga shi a 2014.

Da aka zo yin fim, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba da shawarwari ta hannun Jim Green, wanda a lokacin yake shugabantar sashen nazarin duniyoyi. An ɗauki hotunan waje a hamadar Wadi Rum da ke Jordan, na cikin ɗaki kuma a kusa da birnin Budapest na Hungary. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600, ya kuma shiga takarar kyautar Oscar a rukuni 7.

Taki, ruwa da iri

Gonar Watney a cikin littafin murabba'in mita 126 ce, wato ba ta kai kashi 2 cikin 100 na hekta ɗaya ba. Irinsa dankalin Turawa 12 ne da aka tanada domin wani biki. Ƙasar Mars ba ta da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da abu su mayar da shi abincin shuka, don haka ya cakuɗa ta da bahayan mutane domin ta rayu.

Wannan sashe ya kan sa masu kallo a ƙasashen Turai ƙyanƙyami, amma manomin Dakoro ya san cewa rairayi ba ya ba da hatsi sai an ciyar da shi. Shi ya sa bayan girbi ake barin makiyaya su sauka da garkensu a gona, su ci kara su bar kashin dabbobi. Shi ya sa kuma ake haƙa ramukan tassa a ƙasar da ta mutu, a zuba ɗan taki a kowane rami, ruwa ya taru a gindin shuka maimakon ya gudu.

Masana sun gwada batun da gaske. A 2016 Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru, tare da haɗin gwiwar NASA, ta shuka dankali a ƙasar da aka ɗebo daga hamadar Pampas de La Joya, ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa da gishiri a duniya. Wasu nau'o'in sun tsira, musamman da aka haɗa musu da ƙasa mai taki.

Sai dai akwai matsalar da littafin bai kula da ita ba. A 2008 na'urar Phoenix ta gano wani gishiri mai guba da ake kira fakuloret a ƙasar Mars, wanda ke illa ga maƙoshin ɗan'adam. Kafin a ci abin da aka noma a irin wannan ƙasa sai an wanke ta da ruwa mai yawa, ruwan kuwa shi ne abin da Watney ya fi rashi.

Hanyar da ya samu ruwa daidai take a ilimin haɗa sinadarai. Ya ɗauki haidirazin, wato man roka, ya raba shi ya fitar da iskar haidirojin, ya ƙona ta da oksijin, ruwa ya fito. Aiki ne mai hatsarin gaske, kuma a labarin ma sai da ya tashi da shi. Abin da aka gano daga baya shi ne da ma bai sha wannan wahala ba: a 2013 na'urar Curiosity ta nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin ƙasar da ta ɗumama ruwa ne.

Guguwar da ba za ta yiwu ba

Babban ƙarin gishirin yana farkon labarin. Guguwa ce ta tumɓuke wani ƙarfe ta soke Watney da shi, ta kuma nemi kifar da kumbon abokansa. Duk wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina a Sahel, lokacin da jan bango na ƙura ke tasowa daga gabas ya yaye kwanon ɗaki, zai yarda da hoton nan take. Mutanen Yamai ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2020 ba, da sararin birnin ya koma ja da rana tsaka.

Amma a Mars hakan ba zai faru ba. Kaurin iskar can bai kai kashi 2 cikin 100 na tamu ba. Ko da tana gudun kilomita 100 a awa, ƙarfin da za ta bugi mutum da shi bai wuce na iskar da ke kaɗa wanki a igiya ba. Weir da kansa ya sha amsa cewa ya san da haka, ya dai zaɓi guguwar ne domin yana so yanayi ya zama shi ne abokin gabar jaruminsa tun daga shafin farko.

Haɗarin ƙurar Mars na gaskiya wani ne daban, kuma duk mai shagon cajin waya ko mai kula da famfon sola a Dakoro ya san shi. Idan hazon hunturu ya kwanta a kan faranti, wuta takan ragu har sai an goge. Abin da ya kashe na'urar Opportunity ke nan a Yunin 2018, bayan ta shekara 14 tana aiki, lokacin da ƙura ta rufe duniyar baki ɗaya. Na'urar InSight ma ƙura ce ta rufe farantanta har ta yi shiru a Disamban 2022.

A cikin littafin akwai irin wannan guguwa ta biyu. Tana riskar Watney a tafiyarsa ta kilomita 3,200 zuwa wurin da zai tsira, tana rage masa wuta a hankali ba tare da ya lura ba, har sai da ya auna hasken rana a wurare daban-daban ya gane ta inda zai kauce. Masu fim sun cire wannan, sun bar ta ƙaryar, saboda ita ce ke cika ido a majigi.

Haka kuma fim ɗin ya kau da kai daga wasu abubuwa biyu. Nauyin mutum a Mars kashi 38 ne cikin 100 na nauyinsa a nan, amma jarumin na tafiya kamar a gida. Sannan mutumin da ya yi fiye da kwana 500 a can zai sha tururin rana mai cutarwa da ke ƙara haɗarin kamuwa da daji, abin da labarin ya wuce da sauri.

Wa ya dace ya fito a matsayin wa?

Ba a yi gardama sosai kan ba wa Matt Damon matsayin Watney ba. Rabin fim ɗin mutum ɗaya ne ke magana da kyamara, don haka ana buƙatar fuskar da mutane ba za su gaji da ita ba. Rigimar ta taso ne a kan wasu biyu.

A littafin, shugaban shirin zuwa Mars sunansa Venkat Kapoor, ɗan asalin Indiya. A fim sai ya koma Vincent Kapoor, aka ba wa Chiwetel Ejiofor, ɗan Birtaniya da aka haifa a Landan, wanda iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Najeriya. Aka ƙara masa layin da yake cewa mahaifinsa Hindu ne, mahaifiyarsa Kirista. Ita kuma Mindy Park, matashiyar da ta fara gano cewa Watney na raye ta hotunan tauraron ɗan'adam, wadda Weir ya ce a ransa 'yar asalin Koriya ce, an ba wa Baturiyar Kanada Mackenzie Davis. Ƙungiyar MANAA mai kare martabar 'yan asalin Asiya a kafofin watsa labaran Amurka ta fito ta soki matakin.

Ga mai kallo ɗan Afirka, ganin Ejiofor yana ba da umarni a NASA abin jin daɗi ne, kuma ba ƙage ba ne. Cheick Modibo Diarra, haifaffen Nioro a yankin Sahel na Mali, ya yi aiki a NASA a matsayin mai lissafa hanyar kumbo, ciki har da shirin Mars Pathfinder na 1997, kafin ya zama firaministan ƙasarsa a 2012. Wannan Pathfinder ɗin ce Watney ya tono daga rairayi domin ya yi magana da duniya. Amma daɗin da wani ya ji bai share ƙorafin wani ba, domin Indiyawa ma na da gaskiyarsu: ƙasarsu ta kai kumbonta kewayen Mars a 2014, shekara guda kafin fim ɗin ya sauya musu mutuminsu.

A ƙarƙashin duk wannan akwai maganar kuɗi. Shekara guda kafin nan, da aka soki Ridley Scott kan ba wa Turawa matsayin Misirawa a fim ɗinsa Exodus, ya fito fili ya ce masu zuba jari ba za su ba shi kuɗi ba idan jaruminsa ba sananne ba ne. Masu shirya fina-finan Hausa sun san wannan lissafi. Fuskar da ke jikin fasta ita ce ke sayar da fim, ko da kuwa matsayin na manomi ne, jarumin kuma bai san riƙon hauya ba. Mai kallo a ƙauye yakan gane tun daga yadda aka sunkuya, kamar yadda ɗan Nijar ke gane an ɗora wa ɗan garinsu Hausar Kano.

Nijar na da nata tarihin a wannan fage. Oumarou Ganda ɗan dako ne a Abidjan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da ya zo yin nasa, Cabascabo, sai ya fito a matsayin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indochina, yaƙin da shi kansa ya je. A 2015 mawaƙi Mdou Moctar ya fito a matsayin makaɗin jita mai neman suna a Agadez, a fim ɗin da aka yi da harshen Tamashek.

Mars ta taɓa faɗowa ƙasar Hausa

Wani ɓangare na abin da masana suka sani game da duwatsun Mars daga wannan yanki ya fito. Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi na korar tsuntsaye a gonarsa kusa da Zagami, a yankin Faskari na Katsina, sai ya ji ƙara mai ƙarfi, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake. A 1995 masu bincike suka nuna cewa iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mars da na'urorin Viking suka auna a 1976. An yanyanka dutsen, gutsattsarinsa sun watsu a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje.

A Nuwamban 2023 aka tsinci wanda ya fi shi girma a jihar Agadez, mai nauyin kusan kilo 25. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fita da shi, sannan ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya fi saurin ganin Mars a fim ɗin Amurka da ya ga dutsenta da aka tsinta a ƙasarsa.

A adabi ma Hausa ba baƙuwa ba ce a sararin samaniya. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon buɗe ido. Ana ɗaukar sa a matsayin littafin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa. Shi Umaru Dembo ɗin yana cikin waɗanda suka fito a fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kannywood ta mayar da littattafai da dama fim, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Amma ta fi karkata ga soyayya da rikicin iyali, labarin kimiyya bai samu gurbi sosai ba. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne tsada.

Abin da ba ya buƙatar kumbo

Ejiofor da kansa ya nuna cewa irin wannan labari ba sai da kumbo ba. A 2019 ya ba da umarnin The Boy Who Harnessed the Wind, tarihin William Kamkwamba na Malawi, yaron da rashin kuɗin makaranta ya kora gida lokacin yunwa, ya karanta littafin kimiyya a laburare, ya haɗa injin iska da tarkacen keke. An ɗauki fim ɗin a Malawi, an yi amfani da harshen Chichewa. Duk da haka batun zaɓen 'yan wasa bai bar shi ba, domin yaron da ya ja fim ɗin, Maxwell Simba, ɗan Kenya ne, kuma wasu 'yan Malawi sun yi ƙorafi kan yadda ake furta harshensu.

Jihar Maraɗi na da labarin da ya kai wannan. A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aikin dashen itatuwa a yankin, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa a gona suna da tsofaffin saiwoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon dasa sababbi da ke mutuwa, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a rene shi. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta yadda ta dace da su, suka yaɗa ta gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki.

Duk abin da ya riƙe masu karatun The Martian yana cikin wannan: matsala mai kisa, kayan aiki kaɗan, gwaji da kuskure, da lissafin da dole ya fita daidai. Marubucin da zai yi irinsa a Hausa yana buƙatar ya san tiya nawa gida mai mutum goma ke ci a mako, gaba nawa rijiya ke yi kafin a tarar da ruwa, da kwana nawa binne ke jurewa a ƙasa idan ruwan farko ya yi jinkiri. Weir ya samu masu gyara masa a intanet. A nan masu gyaran suna cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna a Maraɗi, suna kuma bakin rijiyoyin Kornaka da Birnin Lalle, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda zai iya tsayawa gaban kyamara ya yi abin da ya saba yi kullum ba.